Zama da lauya kan bashin da ya fi ƙarfin mutum a Gombe: me ake samu, me ba a samu ba

Ɗan kasuwar Tudun Hatsi da ya ci bashin banki ya tara masara, farashi ya faɗo, yakan shiga ofishin lauya da buƙata ɗaya: a kai shi kotu a ayyana ya karye, a yafe bashin. Zaman shawarar ya cancanci kuɗinsa, amma galibi ba wannan buƙatar yake biya ba.

Lauyan da ya san aikinsa zai fara da takardu: yarjejeniyar rancen, bayanan asusun banki, takardar jingina, sunan wanda ya tsaya maka, da jerin masu bin ka har da na baki da baki. Daga nan ya raba uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tarar jinkiri. A nan ake yawan gano cajin da ya wuce ƙa'ida, kuma wannan lissafin shi ne mafi amfani a duk zaman.

Sai maganar kotu. Dokar karayar arziki ta 1979 ce ke aiki, kuma Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke da hurumi, ba kotun majistare ko ta Shari'a ba. Dokar ta tsufa har bashin naira 2,000 ya isa mai bin ka ya shigar da ƙara. Idan kotu ta karɓa, dukiyarka za ta koma hannun jami'in da zai kula da ita, ka rubuta duk abin da ka mallaka bisa rantsuwa, a yi maka tambayoyi a bainar jama'a, a sayar a raba. Bankin da ke riƙe da takardar gidanka yana nan da haƙƙinsa a kan jinginar. Wanda ya tsaya maka ma bai tsira ba, kansa za a koma. Kafin kotu ta sallame ka, tsarin mulkin 1999 ya hana ka takarar majalisa ko gwamna, kuma ba za ka zama daraktan kamfani ba.

Shi ya sa lauyan kirki yake karkata ga sulhu: wasiƙa zuwa banki a nemi tsawaita wa'adi, a sassauta kuɗin ruwa, a rubuta sabon jadawalin biya da hannun kowa. Zai kuma gargaɗe ka kan abubuwa biyu. Tun Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin ta lambar BVN, don haka sauya banki ba mafita ba ce. Kada kuma ka ba da cek alhali asusu babu kuɗi. Bashi ba laifi ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kansa, amma cek na bogi na iya jawo ɗaurin shekara 2.

Raunin zaman kuwa a fili yake. Shari'ar irin wannan ba ta da yawa a nan, saboda haka ba kowane lauya ne ya taɓa yin ta ba. Tambaye shi kai tsaye. Wasu kuma ba sa taɓo ɓangaren Musulunci, alhali bashin 'yan kasuwa tsakaninsu yakan ƙare a gaban alƙali, inda hukuncin muflisi, wato wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, yake: a hana shi taɓa dukiyarsa, a raba wa masu bi gwargwadon bashin kowa, wanda ya tarar da kayansa ba a taɓa ba ya fi cancantar ɗaukar abinsa, wanda kuma ba shi da komai a yi masa jinkiri, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce.

A daidaita kuɗin zama da na wasiƙa tun kafin a zauna, a karɓi rasit. Wanda ko wannan ya gagara, ya fara da ofishin Legal Aid Council na jiha, hukumar da ke ba marasa hali taimakon lauya kyauta.