Hayaƙin gawayin fadama da hayaƙin itace: bambancin Pale Ale mai ƙauri da giyar Bamberg

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a gidan cin abinci a birnin Glasgow na ƙasar Sikotlan ya tambaya ko akwai bambanci tsakanin giya biyu da ke cikin jerin abin shan gidan, wato Pale Ale mai hayaƙin peat (gawayin fadama) da kuma Rauchbier, giya mai hayaƙi ta birnin Bamberg a ƙasar Jamus, domin shi ba ya sha, amma baƙi suna yawan neman ya yi musu bayani kafin su zaɓa. Ɗan'uwa, bambancin babba ne, kuma tushensa shi ne irin makamashin da aka ƙona a ƙarƙashin tsiron sha'ir a lokacin da ake busar da shi.

Duk giyar biyu daga tsiro suke farawa, kamar yadda masu burukutu ke jiƙa dawa su bar ta ta tsira kafin su dafa. Idan sha'ir ya tsira sai a shanya shi a kan daɓen ƙarfe mai ƙananan ɓuloli, a hura wuta daga ƙasa. Tsiron yana shan hayaƙi ne tun yana da danshi, kuma da zarar ya bushe ya kusa daina ɗauka. A da, tsiron da aka busar da wuta yakan fito da ƙauri ko ana so ko ba a so, har sai da masu sana'ar a Ingila suka koma ga gasasshen kwal marar hayaƙi tun daga ƙarni na 17, suka samu tsiro mai haske wanda Pale Ale ta samo sunanta daga gare shi, domin "pale" na nufin mai haske. Ke nan an ƙirƙiro wannan giya ne don a guje wa hayaƙi, kuma mayar mata da shi sabon abu ne na ƙananan masana'antun zamanin nan. A Bamberg kuwa, da ke arewacin jihar Bavaria, gidaje biyu, Schlenkerla da Spezial, ba su daina busar da tsironsu da wutar itacen bich, wata bishiyar Turai, ba har yau.

Peat gawayin fadama ne, wato gansakuka da ciyayi da suka yi dubban shekaru suna ruɓewa a cikin ruwa ba tare da iska ba, kaurinsu yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara. Ana yanko shi curi-curi a busar, kuma idan aka ƙona shi ba ya ci da harshe sosai, sai dai ya turnuƙe. Hayaƙinsa cike yake da sinadaran fenol da kiresol, dangin waɗanda ake sawa a magungunan kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa masu ɗanɗana suke ambaton aidin da kwalta da toka da warin asibiti idan suna siffanta shi. Ana auna ƙarfinsa da kaso cikin miliyan, kuma tsiron da ake yin wuskin tsibirin Islay na Sikotlan da shi, irin su Laphroaig da Ardbeg, yana kaiwa tsakanin 40 zuwa 55. Asalin wannan tsiro na masu wuski ne. Ba al'adar masana'antun giyar Sikotlan ba ce su yi amfani da shi, duk da cewa baƙi da yawa suna zaton haka, kuma yana da kyau ka san wannan tunda a can kake aiki.

Itacen bich daban yake. Sinadarin lignin da ke cikinsa yana ba da gwayakol da siringol idan ya ƙone, kuma waɗannan su ne ke ba naman banda ƙamshinsa. Wanda aka kawo wa kofin Märzen, wato Rauchbier ta gidan Schlenkerla, baƙa-baƙa mai ja-ja da barasa kashi 5.1 cikin ɗari, abin da zai fara bugun hancinsa shi ne ƙamshin nama da aka kyafe a kan itace.

Inda suka fi rabuwa shi ne yadda hayaƙin ke zama a cikin giyar. Ana yin giyar Bamberg da yis mai aiki a cikin sanyi, a ajiye ta makonni ta kwanta, ga shi kuma tsironta yana da zaƙi da nauyi, don haka ko da an yi ta da tsiro mai hayaƙi zalla, hayaƙin yana narkewa cikin zaƙin, har mashaya su ce bayan kurɓa kaɗan hanci ya saba. Pale Ale ba ta da wannan nauyin. Yis ɗinta yana aiki a ɗumi, wajen digiri 18 zuwa 22, yana barin ƙamshin 'ya'yan itace, sannan ana zuba mata furen hof da yawa, wanda ke kawo ɗaci da ƙamshin lemo. Idan fenol ya haɗu da wannan ɗaci a jikin da ba shi da zaƙin da zai rufa masa, sai su taru a ƙarshen harshe, su bar bauri da toka da ke daɗewa a maƙogwaro. Saboda haka mafi yawan masu yin ta ba sa wuce kashi 5 cikin ɗari na tsiron gawayin fadama, sauran kuma farin tsiro ne. A ganina wannan shi ne daidai, domin idan an yi ta da hankali lemon ke fara zuwa, hayaƙin ya biyo baya a hankali, kuma kowanne yana da wurinsa. Akwai waɗanda suka ƙi wannan ƙa'ida da gangan, kamar kamfanin Yeastie Boys na Niyuzilan, wanda ya fitar da Rex Attitude mai barasa kashi 7 da tsiron gawayin fadama ɗari bisa ɗari, kuma ta raba kan mashaya sosai.

Akwai wani abu da ya shafi aikinka kai tsaye. Sinadarin kulorin yana haɗuwa da fenol ya haifar da wari mai kaifi irin na roba ko filastar ciwo, don haka kofin da aka wanke da bilic ba a ɗauraye shi da kyau ba zai ɓata giyar, baƙo kuma ya ɗora laifin a kan masana'anta. Sanyi mai tsanani ma yana danne ƙamshin duka biyun.

Idan baƙo ya nemi shawararka, ka tambaye shi ko yana son wuskin Islay. Idan ya ce yana so, Pale Ale ɗin ba za ta ba shi mamaki ba, kuma tana tafiya da cuku mai ƙarfi ko kifin da aka kyafe. Idan ya ce ba ya so, ko kuma gasasshen nama ya yi oda, ka nuna masa ta Bamberg. Kai kuma ba sai ka sha ba kafin ka gane abin da kake faɗa, tunda busasshen tsiro hatsi ne kawai, babu barasa a cikinsa. Shagunan da ke sayar da kayan haɗa giya a gida suna sayar da shi kaɗan-kaɗan, sai ka sayi na gawayin fadama da na bich, ka murza kowanne a tafin hannu ka shinshina, sannan ka tauna 'yan ƙwayoyi, amma ka fara da na bich domin ɗayan yana daɗewa a baki.