Wata huɗu a sashen dashen ɓargo a Delhi: abin da kuɗin filinmu ya saya

Ni ɗan Kwari ne, atamfa da shadda nake sayarwa, saboda haka in na biya kuɗi nakan auna abin da aka ba ni yadi-yadi. Tun da muka dawo daga Indiya da autanmu ake ta kirana a waya, kowa na so ya ji ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga amsar a wuri ɗaya. Asibitin babba ne, mai zaman kansa, a gefen Delhi. Sunansa kuwa na bar shi a cikina, domin akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

A 2022 kaluluwa ta fito wa Auta a wuya, aka auna aka ce limfoma ce, sankarar da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki, nau'in da likitoci ke kira DLBCL. Tana da saurin yaɗuwa amma tana jin magani. Aka yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, haɗin da ake kira R-CHOP, sau 6 a nan gida, duk bayan kwana 21, ya gama a watan Satumba, Hajiya ta dafa abincin sadaka. Bayan ƙaramar Sallar 2024 ya ja ni bayan shago ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, taɓa nan." Ƙullutu ne a hammata kamar ƙwan zabo, ba ya ciwo. Ashe ya yi sati uku gumin dare na jiƙa masa zanin gado, yana ɓoye wa iyalinsa.

Bari in fara da dillali, don in sauke shi da wuri. Ta WhatsApp aka haɗa mu da shi. Ya samo mana takardar gayyata ta bizar jinya, ya tarye mu a filin jirgi, ya saya mana layin waya, ya kama mana ɗaki. Iyakar amfaninsa ke nan. Ya ce sati shida mun dawo gida, ya kuma turo ƙiyasin kuɗi a dala, a lokacin dala ɗaya ta haura naira 1,500. A kan wannan takarda muka sayar da filin gado. Sai da muka isa na gane kuɗin dashen kawai aka rubuta, babu gwaje-gwaje, babu kemon da ake yi kafin dashe, babu jini. Ni da na tsufa cikin dillalai na manta cewa mai cin la'ada daga asibiti ba zai faɗi abin da zai hana ka hawa jirgi ba. Asibitin yana da ofishin baƙi da ke amsa imel kai tsaye. Da can na bi.

Likitar jinin da aka ba mu wata dattijuwa ce mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ranar farko ta ɓata mini rai, domin na zo da zafi a fara magani, ita kuwa ta ce ko allura ɗaya ba za ta yi ba sai an ciro ƙullutun dungum an sake aunawa. Na ce mata ai mun san cutar, tsohuwar ce ta dawo. Ta ce wa ya gaya mini? Ƙullutu a jikin wanda ya taɓa shan kemo yana iya zama tarin fuka, yana iya zama wata limfomar daban, kuma ko tsohuwar ce, dole a duba ko har yanzu tana ɗauke da alamar CD20, wadda maganin rituximab ke kamawa. Sannan ta nemi tsokar da aka yanka a 2022, wadda ɗakin gwaji ke adanawa cikin ɗan dunƙulen kaki. Ban ma san ana karɓar wannan abu ba. Kwana tara muka yi muna biyan kuɗin ɗaki kafin a aiko mana da shi daga Kano. Duk mai shirin tafiya ya sa wannan dunƙulen a jaka kafin ya sa fasfo.

Aka yi hoton PET: ya yi awa shida bai ci komai ba, aka ɗura masa wani sukari mai haske a jijiya, wuraren da cutar take suka yi ta walƙiya a hammata, ƙirji da saifa. Aka duba zuciya, saboda jan maganin nan na R-CHOP, doxorubicin, yana da iyakar abin da zuciya za ta ɗauka a tsawon rai, shi ya sa ba a maimaita wancan haɗin. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na hanta. Takardarmu ta gida ta ce ba shi da ciwon hanta nau'in B, amma wani gwajin na biyu ya nuna ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa ta kwanta. Rituximab na iya tayar da ita ta cinye hanta. Tun ranar aka ɗora shi kan entecavir, maganin da ke danne ta, ƙwaya ɗaya kullum. Wannan kaɗai ya sa na daina jin haushin kwana taran nan.

Ta tambayi wata nawa tsakanin gama kemo da dawowar cutar, muka lissafa 19. Ta ce wannan lissafi ne ke raba hanya. Wanda tasa ta dawo cikin wata 12, ko ta ƙi jin maganin tun farko, yanzu an fi karkata a yi masa CAR-T, inda ake ɗebo sojojin jininsa a horar da su a ɗakin gwaji a mayar. Indiya ta amince da nata na gida, NexCAR19, a Oktoban 2023, ya fi na Amurka sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma ko shi ɗin ba na mai fili ɗaya ba ne. Auta dai ya faɗa layin dashe, bisa sharaɗi: sai cutar ta nuna tana jin sabon kemo. In ba ta ji ba, babu dashe.

Sabon kemon sunansa R-ICE, kwana uku a kwance, sau biyu. A nan ne nake jin an yi mini tsada, ba don sun yi kuskure ba. Ita kanta likitar ta ce da mun tuntuɓe ta kai tsaye, da ta tsara mana a yi wannan zangon a asibitin koyarwa na gida, mu zo da sakamakon. Sati shida na haya da abinci a ƙasar mutane kenan muka ƙona. Hoton PET na biyu ya ba da maki 2 a ma'aunin Deauville mai hawa biyar, inda 4 da 5 ke nufin da sauran aiki. Na fita baranda na kira Hajiya, ban iya cewa komai ba sai "an dace".

Kafin a ci gaba ta kawo maganar haihuwa, cewa kemon da ke tafe yakan kashe ta, in yana so a adana masa. A gabana ta faɗa, tafinta na fassarawa. Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ɗan ba mu wuri." Ya kamata su san ba a yin irin wannan magana gaban wa.

Dashen kansa ba tiyata ba ce, kuma ba ɓargon wani ake sa masa ba. Kamar manomi ne da ya ɓoye iri kafin ya ƙone gona. Irin a nan shi ne ƙwayoyin ɓargonsa masu haifar da sabon jini. An yi masa allurar filgrastim, mai fito da su cikin jini, na kwanaki, ƙasusuwansa suka yi ta ciwo, sannan wata na'ura ta yi kusan awa biyar tana tace jininsa tana ware irin. Ana bukatar aƙalla ƙwaya miliyan 2 a kan kowane kilo na nauyinsa, ya ba da fiye da haka a zama ɗaya. Aka daskarar, aka yi masa kemo mai ƙarfi na BEAM kwana shida, ranar ƙarshe suka sa shi tsotsar ƙanƙara don rage gyambon baki. Sai aka narkar da irin aka mayar ta jijiya kamar ƙarin jini. Ɗakin ya kwana biyu yana warin tafarnuwa, wai sinadarin adanawar ne.

Kwana goman da suka biyo baya su ne jinyar. Fararen ƙwayoyin jininsa suka sauka har ƙasa, bakinsa ya saɓule, ga zawo, ga zazzaɓi a kwana na shida. Ma'aikatan jinyar wurin, yawancinsu 'yan Kerala, ban ga kamarsu ba. Ƙarfe biyu na dare zafin jikinsa ya haura 38, kafin awa ɗaya ta cika maganin ƙwayoyin cuta na shiga jijiyarsa. Wata a cikinsu ta taɓa korata waje don na taɓa ƙofa na zo zan taɓa shi ban wanke hannu ba, kuma ta yi daidai. A kwana na 11 ƙwayoyin suka fara tsirowa.

Ofishin kuɗi kuwa wata ƙasa ce daban. Sukan kira ni da yamma su ce ajiya ta ƙare, a ƙaro kafin safe, alhali turo kuɗi daga gida kan ɗauki kwanaki. Sau biyu na kama an rubuta magani ɗaya sau biyu, sun cire da na nuna, amma sai da na nemi lissafi dalla-dalla kullum na zauna da biro. Sannan suka ce mu kawo masu ba da jini a madadin wanda aka ƙara masa, mu da ba mu da kowa. Limamin wani ƙaramin masallaci kusa da masaukinmu ne ya yi sanarwa bayan Juma'a, samari huɗu suka biyo ni. Abinci kuma, duk roƙon da na yi a rage yaji ga mai gyambon baki, sai a kwana na uku aka fara kawo farar shinkafa da romo.

Mun baro Delhi a farkon Nuwamba, hayaƙin bayan bikin Diwali ya rufe gari, likitar ta ce huhunsa ya fi bukatar iskar Kano. Ta haɗo mu da takarda shafi huɗu zuwa ga likitansa na gida: jadawalin gwajin jini, ci gaba da entecavir, da sake yi masa rigakafin yara daga farko bayan wasu watanni, domin kemon ya goge na da. Tana amsa imel ɗin likitan namu cikin kwana biyu, ba ta ƙara karɓar ko sisi ba. Auta ya dawo shago, rabin yini yake yi, da takunkumi a fuska saboda ƙurar Kwari. Ragowar kuɗin ajiyarmu da ofishin ya ce zai mayar cikin sati uku, jiya na sake tura musu imel na bakwai.