Sharhi Kan Wata Rumfar Gyaran Keke a Fagge da Yadda Take Kula da Keken Filin Tsere

Mai gyaran keke ba shi da wuyar samu a Kano, domin kusan kowace unguwa tana da wanda zai yi maka faci, ya ɗaure maka birki, ya miƙe maka wili idan ya karkace. Abin da yake da wuya shi ne samun wanda za ka kai wa keken filin tsere, ya dube shi ya san cewa ba Raleigh ba ne kuma ba Phoenix ba ne, sannan ya yi masa aikin da ya dace da shi. Rumfar da wannan sharhi ya shafa tana cikin Fagge, mai ita dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma ra'ayina a kanta shi ne ta cancanci a kai mata irin wannan keke, duk da cewa tana da nakasu biyu ko uku da zan faɗa ba tare da ɓoyewa ba.

Keken filin tsere ba shi da firiwil, wato ƙaramin farantin haƙoran baya a ɗaure yake tamau da ƙafar keken, saboda haka muddin taya tana juyawa to feda ma tana juyawa, kamar dai keken ɗinki na ƙafa wanda matakinsa ba ya tsayawa sai babban wilin ya tsaya. An ƙera shi ne domin fili na musamman mai kewaye, wanda a gasar Olamfik tsawon zagayensa mita 250 ne, kuma a can ba a saka masa birki, domin kowa yana tafiya ta fuska ɗaya, babu mota, babu mai tsallaka hanya, kuma taka birki a tsakiyar cunkoson masu tsere shi ne zai jawo karo. Najeriya tana da irin wannan fili a babban filin wasa na Abuja da aka gina domin wasannin Afirka na 2003, kuma mutane da yawa sun fara jin labarin wannan keke ne a 2024, lokacin da Ese Ukpeseraye ta shiga tseren fili a gasar Olamfik ta birnin Faris da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Waɗanda suke shigowa hannunmu kuwa galibi suna zuwa ne cikin kekunan hannu da ake kawowa daga ƙasashen waje, kuma matasa suna sha'awarsu saboda rashin nauyi da kyan gani da ƙarancin kayan da za su lalace.

Rumfar kanta ba ta da wani abin burgewa a ido. Rufin kwano ne a kan turaku, da benci guda, da kwanon ruwa da ake tsoma tiyub domin gano inda iska take fita, da gwangwanayen madara da aka rarraba boris da noti a cikinsu gwargwadon girmansu. Abin da ya ja hankalina shi ne kayan aiki guda biyu da maigidan ya ƙera da hannunsa: wani guntun ƙarfe da ya maƙala wa yankin tsohuwar kaca domin riƙe farantin haƙora, da wata tsohuwar sifana da ya goge bakinta har ya zama ƙugiya, wadda yake ɗaure zoben kulle da ita, wato zoben da yake hana farantin haƙoran baya kwancewa. Wanda ya ɓata lokaci ya ƙera waɗannan ya riga ya yanke shawarar cewa ba zai riƙa dukan keken mutane da guduma da kurfi ba, kuma wannan kaɗai ya bambanta shi da yawancin abokan sana'arsa.

Maganar birki ce ta fara shiga tsakaninmu, kuma ita ce babban dalilin da ya sa nake yaba wurin. Keken ya zo hannuna babu birki ko ɗaya, na kai shi ne domin a duba ƙafar baya, amma dattijon ya ɗaga gaban keken ya duba ramin ɗaura birki da ke saman ƙahon gaba, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da yake riƙe ƙafar gaba, sannan ya ce, "Malam, a ina za ka riƙa hawansa?" Na ce, "A gari, Baba, zuwa wurin aiki da dawowa." Ya ce shi kam ba zai sallami keken da zai shiga tsakanin 'yan Adaidaita Sahu babu birkin gaba ba, kuma idan ban yarda ba, to in kai wa wani. Wannan magana daidai take da abin da duk masanin keke zai faɗa, domin idan aka taka birki nauyin mahayi yana komawa gaba, tayar baya ta yi sauƙi ta fara zamewa, saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa daga ƙafar gaba yake fitowa. Wanda yake tsayar da keke da ƙarfin cinyarsa kawai, komai gwanintarsa, yana buƙatar tazara mai tsawo fiye da mai birkin gaba. A Ingila doka ta wajabta birkin gaba ga irin wannan keke idan za a hau shi a titi, kuma a watan Fabrairun 2016 wani matashi ya buge wata mata a birnin Landan da keken filin tsere maras birkin gaba, ta rasu, kotu ta yanke masa ɗaurin wata 18 a shekarar 2017. Dattijon bai kawo mini misalin wata ƙasa ba, abin da ya sani shi ne titin da yake gani a gaban rumfarsa kullum, amma hukuncinsa ya zo ɗaya da na can. Ya kuma ƙara da cewa idan ƙahon gaba bai zo da rami ba, ba ya huda shi, sai dai a sauya ƙahon gaba ɗaya, domin huda ƙarfen da ba a tanade shi don haka ba yana raunana shi a daidai inda ba a so ya karye.

Aikin ƙafar baya shi ne inda gwanintarsa ta fi fitowa. Farantin haƙoran baya yana ɗauruwa ne ta hannun dama kamar kowane noti, amma duk lokacin da mahayi ya danne feda ta baya domin rage gudu, ƙarfin yana neman kwance shi. Abin da yake hana hakan shi ne zoben kulle, wanda zarensa na hagu ne, ta yadda idan farantin ya nemi kwancewa sai ya ƙara matse zoben. Mai gyaran da bai san wannan ba yakan juya zoben ta hanyar da ya saba, ya ji ya ƙi, ya ƙara ƙarfi, ya cinye zaren hob ɗin, wato cibiyar wilin da ake ɗaura farantin a kanta, kuma daga nan sai an sake ƙafar baki ɗaya. A nan kuwa na ga ya kwance su a tsanake, ya wanke zaren, ya shafa masa giris kaɗan, ya ɗaure farantin da iyakar ƙarfinsa kafin ya kawo zoben, sannan ya ce in hau in taka da ƙarfi zuwa ƙarshen layi in dawo, ya sake matse zoben, domin takawar farko takan ƙara shigar da farantin ta bar ɗan sarari a bayansa.

Haka kuma shi ne ya lura cewa tayar baya ta cinye a wuri guda har zare ya fara bayyana, alhali sauran jikinta da saura. Dalilin lissafi ne: farantin gaba yana da haƙora 48, na baya yana da 16, wato kowane juyin feda ɗaya taya tana juyawa sau uku cif, don haka duk lokacin da aka danne feda taya ta goga ƙasa, wuri ɗaya ko biyu ne suke shan gugar. Da aka sauya na baya zuwa mai haƙora 17, gugar ta rarrabu a wurare 17, kuma tashi daga tsaye ya ɗan yi sauƙi, wanda yake da amfani ƙwarai a garin da kake tsayawa kana tashi a kowace mahaɗa.

Game da kaca, akwai sauƙi guda da ban zata ba. Yawancin kekunan filin tsere suna amfani da kaca mai faɗin kashi ɗaya cikin takwas na inci, irin wadda take kan tsofaffin kekunanmu marasa giya, saboda haka ba a shan wahalar samunta a kasuwa. Yana auna lalacewarta da rula ta ƙarfe: gaɓoɓi 12 cikakku na sabuwar kaca inci 12 ne daidai, idan suka wuce haka da kashi ɗaya cikin 16 na inci to lokacin sauyawa ya yi, kafin ta cinye haƙoran farantan. Wajen ɗaurewa kuma yana juya feda a hankali har ya gano inda kacar ta fi tsauri, domin farantin gaba ba ya zama da'ira cikakkiya, sai ya daidaita ta a wannan wurin ya bar mata wasa kamar na santimita ɗaya. Kacar da ta yi sako-sako tana iya zamewa ta maƙale ta tsayar da taya nan take, wadda ta yi tsauri kuma tana cin boris. Na kuma ji ya tsawata wa wani yaron shagon da ya kai tsumma kusa da kacar alhali ƙafar tana juyawa, domin a wannan keke kaca ba ta tsayawa idan ta kama yatsa. Wannan gargaɗi ya shafi mahayi ma: tsohon keke yana da murfin kaca, wannan ba shi da shi, don haka mai sanye da doguwar riga ko wando mai faɗin ƙafa dole ya naɗe ya ɗaure kafin ya hau.

Shawarwarinsa kan titi na wanda ya zauna a bakin hanya shekara da shekaru ne. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ne suka mamaye gefen dama na titi, wato daidai inda mai keke yake bi, kuma direbansu yana iya yanke gabanka ya tsaya cak da zarar ya hangi fasinja, ba tare da sigina ba. Saboda haka ya ce kada in riƙa bin bayansu kurkusa, kada in shiga tsakaninsu da bakin kwalbati, kuma in bar tazarar buɗe ƙofa tsakanina da duk motar da aka ajiye a gefe. Ya ja hankalina ga yashin da yake taruwa a gefen kwalta, wanda siririyar taya ba ta riƙewa a kansa, da kuma shataletale, inda feda take iya dukan ƙasa idan aka kwanta da yawa, tun da ba za ka iya tsayar da ita a sama ba kamar a keke mai firiwil. A Birtaniya an sabunta ƙa'idojin hanya a 2022, aka umarci direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke. A nan ban ga direban da yake barin rabin haka ba sai ɗaiɗai, kuma ina ganin wannan magana ce da ya kamata hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, su riƙa sanyawa a cikin wayar da kan direbobi, domin mai keke shi ma da kuɗin harajinsa aka shimfiɗa kwaltar. Sai dai mu ma masu keke muna da namu laifin, musamman bin hannun da ba namu ba da hawa da dare babu fitila, kuma na ji daɗi da ya dage sai na saka jar fitila a baya da ƙararrawa mai ƙara.

Nakasun wurin na farko shi ne kayan gyara. Tayar tsohon keke mai inci 28 faɗin bakinta milimita 635 ne, ta keken tsere kuwa 622, ba sa shiga wilin juna duk da kamannin da suke yi, kuma rumfar ba ta ajiye ta biyun. Haka tiyub mai siririn bawul, dole ka nemo da kanka ka kawo, kuma famfon shagon ba shi da ma'aunin iska, da babban yatsa ake gwada taurin taya, abin da bai wadatar ba ga siririyar taya da take buƙatar iska mai yawa. Na biyu shi ne man kaca. Idan ba ka yi magana ba, yaran shagon baƙin man inji za su zuba maka, wanda yake kama ƙurar hunturu ya zama kamar dutsen wasa a tsakanin gaɓoɓin kacar. Gara ka je da siririn manka, ka roƙi a ɗiga shi gaɓa-gaɓa a goge ragowar. Na uku kuwa lokaci ne, domin maigidan ba ya barin yara su taɓa ƙafar bayan irin wannan keke, shi kuma aiki yana yi masa yawa, saboda haka idan ya ce ka dawo bayan La'asar, mai yiwuwa sai washegari za ka karɓa.

Kuɗin aikinsa ya ɗara na masu faci na bakin titi, amma duk abin da ya yi mini, har da ɗaura birki, bai kai kuɗin sabuwar taya ɗaya mai kyau ba, kuma yana faɗin farashi kafin ya fara, yana kuma mayar maka da tsofaffin kayan da ya cire. Wanda zai je ya fi kyau ya je da safe kafin masu kekunan kasuwa su cika wurin, ya tafi da taya da tiyub da man kacarsa, ya kuma nemi ganin maigidan da kansa idan aikin ya shafi hob ko zoben kulle.