Fentin Tamiya XF-67, 68 da 69 a zafin Maraɗi: yana kyau, amma sai da lallashi

Mai harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba, irin masu ma'aunin 1/35 (wato an rage girman na gaske sau 35), in ya zo kan tankar Jamus Leopard 2 ko wata motar sojan NATO, kwalabe uku zai nema daga kamfanin Tamiya na Japan: XF-67 kore, XF-68 ruwan ƙasa, XF-69 baƙi. Su ne kwaikwayon dabbare-dabbaren da sojojin Jamus da Amurka suka koma yi wa motocinsu a shekarun 1980. Ƙaramar kwalba mililita 10 ce, babba 23. Ƙaramar ta isa tanka biyu, koren ne kawai ke saurin ƙarewa tunda shi ne shimfiɗa.

Launukan ba su da abin kushewa. XF-69 ma ya fi burgewa, domin ba baƙi ƙirin ba ne, ya ɗan ja toka, shi ya sa ƙusoshi da layukan jikin tankar ba sa ɓacewa a cikinsa.

Matsalar tana wajen bushewa. Fentin nan da alkol aka haɗa shi, iskarmu kuwa daga hunturu har bazara ba ta da laima ko kaɗan. In aka sirka shi ɗaya da ɗaya da tinar X-20A kamar yadda aka saba a ƙasashen sanyi, in an fesa shi da bindigar feshi zai bushe a iska kafin ya sauka kan roba. Sai ka shafa jikin tankar ka ji kaushi kamar an barbaɗa rairayi, musamman a lungun da ke ƙarƙashin hasumiyar bindiga. Maganinsa tina kashi biyu, fenti kashi ɗaya, a auna da sirinji, a ƙara ɗigo ɗaya na ruwan jinkirta bushewa na Tamiya ga kowane ɗigo goma na fenti, kada ya wuce haka. Ƙarfin iskar kwampreso ya tsaya wajen bar 1 zuwa 1.2 a ma'auninsa, allurar bindigar feshi mai milimita 0.3, tazarar hannu kada ta wuce santimita 8. A yi feshin da sassafe bayan asuba, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki don ƙura ta kwanta. Da damina kuma abin juyawa yake yi: ruwa ke taruwa a tiyo, bindigar feshi ta tofa shi kan aikin, don haka sai da matatar ruwa.

Tinar masu fentin mota, wadda ake samu ko'ina a gari, a bar ta wajen wanke bindiga kawai. Tana cin roba.

Kore ake fara fesawa, shafi uku marasa kauri, a bar shi kwana guda. Sannan ruwan ƙasa, baƙi ya zo ƙarshe. Gefen dabbaren NATO a motar gaske kusan a yanke yake, in an mayar da shi 1/35 bai kamata ya yi hazo-hazo ba. A murza Blu Tack, wani danƙo mai laushi na manna takarda a bango, kamar taliya mai kaurin milimita 3, a bi zanen da ke takardar kwalin da shi, a rufe tsakiya da salatef na Tamiya, a fesa daga sama a miƙe. In aka karkata hannu, fenti ya shige ƙarƙashin taliyar, gefe ɗaya ya fito da kaifi ɗayan da laushi. Kuma kada Blu Tack ya wuni a jiki da zafin watan Afrilu, yakan yi danƙo ya bar tabon maiƙo. Awa ɗaya ta isa a ɓamɓare.

Da burushi kuwa, gaskiya fentin ba ya da daɗin sha'ani. Shafa ta biyu tana tayar da ta farko ta naɗe ta. Wanda ba shi da abin feshi gara ya nemi fentin Vallejo Model Color, shi aka yi domin burushi.

Kuskure ɗaya da ke lalata aikin mako guda: ɗaukar X-21 a matsayin fentin rufewa marar launi da ake fesawa a ƙarshe. Ba shi ba ne, sinadarin kashe ƙyalli ne da ake zubawa cikin wani fenti, in an fesa shi zalla tankar fari fat za ta yi kamar an shafa alli. X-22 mai sheƙi ake fesawa kafin manna lambobi da tambari, XF-86 marar sheƙi ya rufe daga ƙarshe. Don ƙurar hanya, XF-57 mai launin rairayi kashi ɗaya cikin tina tara a ƙasan jiki da ƙafafu. Mai son jar ƙasa irin tamu ya ɗiga XF-64, ruwan ƙasa mai ja-ja, kaɗan.

Samunsa ne wahala. Sai an yi oda daga waje, kuma da yake yana kama wuta, ba kowane mai aiko kaya ta jirgi ke yarda ya ɗauka ba. In za a saya, a haɗa da babbar kwalbar X-20A mai mililita 250, domin a nan tinar ke riga fentin ƙarewa. A goge bakin kwalba kafin rufewa, in ba haka ba murfin ya kafe, sai an tsoma shi a ruwan zafi.