Rahoton binciken AGIS: ya isa mai sayen fulat a Abuja?

Duk wanda ya nemi fulat a Abuja zai ji dillali na cewa "takardu lafiya lau, a je AGIS a duba." Maganar ba laifi. Ofishin na AGIS, wanda aka kafa a 2003, shi ke riƙe da rajistar filayen babban birnin tarayya, kuma binciken da yake yi ya cancanci kuɗinsa. Sai dai mutane na ɗora wa rahoton nauyin da ba nasa ba.

Yadda ake yi ba wuya. Lauyan mai saye ya rubuta takardar neman bincike, ya haɗa da kwafin shaidar mallaka da izinin mai gidan, a biya kuɗi, a jira. Rahoton zai nuna lambar fayil, lambar fuloti, unguwa, girman filin, sunan wanda aka ba, abin da aka ba shi ya gina, da ko an jinginar da filin a banki ko an soke mallakar. A nan aikin yana da kyau ƙwarai, domin shi ke tona asirin takardun jabu da filin da aka sayar wa mutum biyu. Shi ke nuna kuma ko takardar da ke hannu ta ƙaramar hukuma ce kawai, wadda ba ta tsaya matsayin ta ministan Abuja ba sai an daidaita ta.

Inda rahoton ya gaza shi ne fili yake magana a kai, ba ɗakin da ke bene na biyu ba. A yawancin rukunin gidaje, C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, ɗaya ce da sunan kamfanin da ya gina, kai kuma abin da za a ba ka takardar miƙa mallaka ce ko ta haya mai dogon zango da ta rataya a kan waccan. Idan kamfanin ya ci bashi da uwar takardar, fulat ɗinka na ciki. Gidajen gwamnatin tarayya da aka sayar a Garki da Wuse tun wajen 2005 sun fi sauƙi, don da yawansu kowane fulat da takardarsa. Ko ya dai yake, dokar filaye ta 1978 ta ce sauya mallaka sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa ta minista, kuma a al'ada mai saye ne ke bin wannan da aljihunsa. A tambayi bashin harajin fili tun kafin a biya, don shi ke riƙe fayil.

Awon fili aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar masu awon fili ta ƙasa, kuma mai saye ne ya kamata ya ɗauko nasa, ba ya dogara da taswirar mai sayarwa ba. Aikinsa ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin ya gwada su da na takarda. Abin da aka fi kamawa: gini ya ci hanya, ko ya hau magudanar ruwa, ko yana ƙarƙashin babban layin wuta. A wuraren da ambaliya ta saba ɓarna irin su Lokogoma da wasu sassan Lugbe, wannan awon ya fi fenti da tayil muhimmanci. A nemi kuma taswirar ginin da sashen kula da gine-gine ya amince da ita, a ƙirga benaye. An ba da izinin hawa biyu an gina uku, to fulat ɗin sama shi ne na farko da jan fentin alamar rusau zai hau. Safiyo ba ya duba lafiyar gini. Tsagewar bango, yoyon rufin kankare da ƙarfen da ya yi tsatsa sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya.

Wuta ita ce inda aka fi shan wahala, kuma babu layi ɗaya a kanta cikin rahoton. Tambaya ta farko: mitar ta AEDC ce kai tsaye, wato kamfanin rarraba wuta na Abuja, ko ta masu kula da rukunin gidajen ce? Idan tasu ce, su ke sayen wuta a dunƙule da babbar mita ɗaya su sayar muku, sau da yawa haɗe da kuɗin dizal na janareta, kuma idan suka ƙi biyan kamfani kowa za a yanke wa, har wanda bai ci bashin sisi ba. Idan ta AEDC ce, a ɗauki lambarta a je ofishinsu a ga ko akwai bashi, domin tsohon bashi cire shi ake yi daga duk katin da aka saya. Ƙa'idar NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, ita ce sabon mai shiga ya sanar da kamfani bashin da ya tarar kafin ya tare, kada ya bari sai an yi wata shida yana jayayya. A gwada sa kati a gaban mai gida: mitar da ba a sabunta ba kafin wa'adin 24 ga Nuwamba 2024 ba ta karɓar sababbin lambobin kati. A tambayi ajin da kamfani ya sa layin wutar kuma. Band A, wato aji na farko, alkawarin awa 20 ne a rana, amma a Afrilun 2024 farashinsa ya kai naira 225 kowane yunit. Taransfoma ta lalace, a ƙa'ida gyaranta na kamfanin rarraba wuta ne, amma in ta rukunin gidajen ce ta kansu, karo-karo za ku yi.

Ruwa ma haka. Tsofaffin unguwanni na shan ruwan hukumar ruwa daga madatsar Usuma, sababbi da dama kuwa rijiyar burtsatse ce. A san a filin wa rijiyar take, wa ke gyara famfo, tankin lita nawa ne kuma fulat nawa ke raba shi. A buɗe famfon bene na ƙarshe da safe, lokacin da kowa ke wanka. Idan babu babban bututun bahaya na gwamnati, a ga inda ramin masai yake, da ko motar kwashewa na iya isa gare shi. Ramin da ke kusa da rijiya abin gudu ne. Mita 30 ake so a tsakaninsu.

Duk waɗannan sai sun shiga yarjejeniyar ciniki da sunayensu: lambar mita, wanda zai biya bashin da aka tarar, haƙƙin bi ta harabar maƙwabci don gyaran bututu, wurin ajiye mota, da kuɗin hidima na shekara da yadda ake ƙara shi. Lauya nagari zai sa a riƙe wani kaso na kuɗin har sai mai sayarwa ya kawo rasit ɗin wuta, na ruwa da na shara na watan ƙarshe.