Masu koya wa yara kiɗa da motsa jiki da muka ɗauko makarantarmu: ra'ayina tsakani da Allah

Ni malama ce a wata 'yar ƙaramar makarantar kuɗi a nan Zariya, nazare da firamare, kuma tunda muka ɗauko masu zuwa koya wa yara motsa jiki da kiɗa malamai na wasu makarantun suke ta tambayata wai yaya aikinsu yake, kuɗin yana biya kuwa ko irin abin nan ne da ake shiryawa don a burge iyaye ranar bikin ƙarshen zango. Amsata ita ce yana biya, amma fa ba don rawar da ake gani a fili ba, don abinda suke gyarawa a kunnen yaro da ƙafarsa ne, kuma akwai wuraren da suka gaza wanda zan faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Su biyu ne suke zuwa, wata malama da ta karanci PHE, wato ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, a kwalejin horar da malamai da wani saurayi mai ganga. Sau ɗaya a sati, kowane aji rabin awa, daga 'yan shekara 4 har zuwa 'yan aji 2. Kayan aikinsu ba wani abin a zo a gani bane, ganga ɗaya, ƙwarya da 'yan sanduna, kacau-kacau da suka haɗa da gorunan ruwa da tsakuwa a ciki, alli na zane a ƙasa, sai wata sifika mai caji wadda zan dawo kanta.

Abinda ya fara jan hankalina shine basa farawa da rawa kwata-kwata. Da kunne ake farawa. Yara su yi da'ira, kowa ya faɗi sunansa yana tafa shi gaɓa-gaɓa, mai suna mai gaɓa biyu tafi biyu, mai uku tafi uku, sauran su amsa masa. Daga nan mai ganga ya kama bugu ɗaya tak, ba ƙawa ba salo, dum dum dum, a ce kowa ya taka ƙafa ɗaya a kan kowane bugu. Sai ka ga abin mamaki, yaron da yafi kowa gudu a lokacin birek shine ya kasa, ƙafarsa tana riga gangar sauka, jikinsa yana gaba kunnensa yana baya. Malamar ta ce mana ƙananan yara su saurinsu na halitta ya fi na manya, shi yasa bugu mai sauri baya basu wahala, na a hankali ne yake kayar da su, saboda sai yaro ya jira, kuma jira shine abinda ɗan shekara 4 bai iya ba. Don haka sai ta fara da saurin da ya dace dasu sannan ta dinga sa mai gangar yana rage wa kaɗan kaɗan. Wallahi wannan dabarar kaɗai ta isa a biya kuɗi a koya, domin mu da muke jan su fili da usur kullum akasin haka muke yi, mu fara a hankali wai don su gane, su kuma su ruɗe.

Bayan taku sai a shiga sauran motsin, tafiya, gudu, tsalle da ƙafa biyu, ɗingishi da ƙafa ɗaya irin na langa, sukuwa irin ta doki, kowanne da nasa bugun, yaro ya ji ya gane da kansa wanne ake kira ba tare da an faɗa masa ba. In ganga ta tsaya kowa ya daskare a inda yake. Wannan tsayawar fa ita ce zuciyar darasin a ganina. Yaron da ya iya tsayar da jikinsa a tsakiyar gudu don ya ji kiɗa ya ɗauke, shine gobe zai iya tsayawa in malama tace a ajiye fensir. Ba zan ce duk yaranmu sun zama natsattsu ba, amma layin shiga aji bayan darasin ya daina zama turereniya, wannan na gani da idona.

Kuma ta san abinda ya dace da kowace shekara, bata tilastawa. Sukuwa irin ta doki 'yan nazare suna kamawa da wuri, amma taku-da-tsalle na canza ƙafa, wanda sai ka taka ka ɗan yi tsalle a ƙafa ɗaya sannan ka koma ɗayar, yawanci sai wajen shekara 5 zuwa 6 yake zama a jikin yaro, ita kuma bata sa ƙananan a gaba da shi, ta barshi sai aji 1. Na sha ganin malamai suna yi wa yaro tsawa a kan abinda jikinsa bai kai ba tukuna, abin yana ci min rai.

Wannan salon ba su suka ƙirƙiro shi ba, kuma malamar bata ɓoye ba. Tun farkon ƙarni na 20 wani malamin kiɗa a Janiba ta ƙasar Suwizalan, Émile Jaques-Dalcroze, ya lura ɗalibansa suna iya karanta kiɗa a takarda amma basa jinsa a jiki, sai ya fara sa su suna takawa suna tafawa. Carl Orff a Jamus shima ya bi irin wannan hanyar daga makarantar da suka buɗe a Munich a 1924, magana da tafi da motsi kafin a taɓa wani kayan kiɗa. Amma abinda ya sa na ƙaunaci aikin waɗannan biyun da muka ɗauko shine sun gane cewa mu muna da namu tun kafin a haifi kakanninmu. Wasan gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata, mai bayarwa da 'yan amshi da tafi mai tsari, ai darasin ne gaba ɗayansa. Carafke, 'yar gala-gala, langa, kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida, har luguden daka da mata biyu ko uku ke yi a turmi ɗaya kowacce ta san lokacin da taɓaryarta zata sauka. Yaran yanzu da yawansu basu taɓa yin gaɗa ba, an kulle gida an miƙa musu waya, ranar da malamar ta fara koya musu tafin gaɗa sai na ga 'yan aji 2 suna fama da abinda mu muka iya tun bamu shiga makaranta ba. Zuwa ƙarshen zango kuwa da kansu suke haɗa da'ira a birek suna yi ba mai sa su.

Maganar iyaye kuma dole a taɓa ta domin nan Arewa muke. Da aka sanar akwai waɗanda suka zo suka ce su basu kawo 'ya'yansu makaranta don a koya musu rawa ba, kuma ni ban ga laifinsu ba, duk wanda ya ga abinda ake sa yara suna kwaikwaya a TikTok dole gabansa ya faɗi. Abinda ya yi mana daɗi shine masu koyarwar basu yi girman kai ba, suka ce duk mai so ya zo ya zauna ya kalla. Babu karkaɗa jiki, babu waƙar da uba zai ji kunyar ji a bakin 'yarsa, 'yan aji 2 ma an raba maza da mata a da'ira biyu. Wasu iyayen suka gamsu, wasu suka ce a cire nasu, aka cire ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Duk makarantar da zata ɗauko irin waɗannan, ta kira iyaye tun kafin a fara, kar su ji a bakin yaro.

Ta ɓangaren lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, 'yan shekara 3 zuwa 4 kuma minti 180 na motsi iri-iri a yini. Rabin awa a sati bai kai ko'ina ba, kar wani ya yaudare ku. Amfaninsa shine a cikin wannan rabin awar kowa yana motsi, ba irin tamaular da muke jefa musu ba yara ƙalilan su mamaye ta sauran su tsaya a inuwa, musamman 'yan mata da yara masu kunya.

To yanzu inda suka gaza. Na farko sifikar nan. Duk ranar da mai gangar bai zo ba sai a jona waya a sifika a saki waƙoƙin yara na Turanci daga YouTube, ranar kuwa darasin ya mutu, domin sifika bata kallon ƙafar yaro, bata rage sauri in ta ga sun ruɗe bata tsayawa ba zato, tafiyarta kawai take yi, yara su koma tsalle-tsalle da ihu, ga ƙara har ajin da ke kusa ya kasa karatu. Mai ganga kuwa idonsa yana kan yaran, in ya ga wani yana baya sai ya ɗan ja bugun ya jira shi. Na faɗa musu gara ma malamar ta buga ƙwarya da kanta da a kunna wannan abin.

Na biyu, suna yarda a haɗe musu aji biyu wuri ɗaya don su gama da wuri su wuce wata makarantar. In yara suka yi yawa da'ira bata yiwuwa, na nesa basa jin umarni, kacau-kacau basa isa sai faɗa ya tashi. Ku sa a cikin yarjejeniya tun farko cewa aji ɗaya ne a lokaci ɗaya. Lokacin zuwansu ma abin dubawa ne, mu sun so su bamu bayan sha biyu, ga ranar Zariya a watan Maris da Afrilu, ga filin siminti yara ƙafa ba takalmi. Sai da muka dage aka maida shi safe bayan asambuli. Lokacin hunturu kuma a yayyafa ruwa a filin kafin a fara, saboda taku yana tada ƙura kuma muna da masu asma.

Abinda yafi damuna shine basa bar wa malaman aji komai a rubuce. Su zo su yi su tafi, sauran kwanakin satin ba mai maimaitawa sai wanda ya sa kansa. Da zasu bamu ko da shafi ɗaya ne mai nuna wasan wannan satin da yadda ake bugunsa, da malamar aji zata iya yin minti biyar kowace safiya, kuma abin da yafi zama a jikin yaran nesa ba kusa ba. Na fahimci sana'a ce kowa yana tsare abincinsa, amma ni a ganina makarantar da malamanta suka iya ita ce zata fi riƙe su. Ni dai ina tsayawa a gefe da littafina ina rubutawa, kuma ina ba kowace malama shawara kar ta ɗauki wannan rabin awar a matsayin lokacin hutunta.

Kuɗinsu kan kowane yaro ake lissafawa zango-zango, kuma ana yin ciniki. Mu mun sabunta da su na zango mai zuwa bisa sharaɗi uku, ganga dole kowane zuwa, aji ɗaya a lokaci ɗaya, da takardar darasi a hannun malamar aji. Biyun farko sun amince, na ukun har yanzu muna kan magana.