Sharhi kan na'urar ELM327: abin da ta nuna min da wutar cek inji ta kama

Tun bara nake amfani da 'yar na'urar nan ta duba lafiyar mota da ake kira ELM327, kuma a ganina ta ci kuɗinta har da riba. Kusan duk wanda ya gan ta a hannuna tambayarsa ɗaya ce: "Tana kashe wutar cek inji?", wato fitilar nan ta dashbod da ke kamawa idan kwamfutar mota ta gano matsala a inji. Tana kashewa mana. Sai dai a duk ayyukanta babu wanda ya kai wannan ƙarancin amfani, kuma ina jin takaicin ganin yadda mutane ke sayenta don shi kaɗai.

Abar ba ta wuce girman kwalin ashana ba. Ana cusa ta ne a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, daidai saitin gwiwar direba. Sunan tsarin OBD-II, kuma Amurka ta wajabta shi a kan motoci tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu dizal. Ke nan galibin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas suna da shi. Ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, sannan ka buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Idan ta nemi lambar haɗi, yawanci 1234 ce. Mai iPhone ya nemi mai Wi-Fi, don irin tawa da Android kawai take shiri.

Abin da take bayarwa lamba ce: harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan alƙalami na farko sifili ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota; idan 1 ne, ta kamfanin da ya ƙera ce, sai ka nemo fassararta da sunan motarka.

Tawa motar mai silinda huɗu ce, ƙirar 2008, 'yar Amurka. Wutar ta kama, motar tana rawa idan na tsaya a danja, mai kuma yana tafiya fiye da yadda na saba. Na'urar ta nuna P0171, wato iskar da ke shiga inji ta rinjayi fetur. To a nan ne mai gaggawa zai garzaya ya sayo famfon mai ko nozul, alhali lambar ba ta ambaci wani ƙarfe da ya lalace ba. Ciwo kawai ta faɗa, ba ta faɗi sanadi ba. Abin da ya taimake ni shi ne shafin manhajar da ke nuna yadda kwamfutar mota ke ƙara mai ko rage shi yayin da inji ke aiki. A mota mai lafiya wannan adadi yana yawo ne kusa da sifili, bai cika wuce kashi 10 ba. Tawa a tsaye tana haura kashi 20, da zarar na taka totur sai adadin ya sauko. Wannan alama ce ta iska mai shigowa ta ɓarauniyar hanya, domin a tsaye inji ba ya jan iska da yawa, 'yar ƙaramar ɓula ma sai ta rikita lissafi.

Na kai wa bakanikena, na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, buɗe min bonet." Ya bi babban tiyon robar da ya taso daga gidan iya-kilina da yatsa, ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga a cikin lungun ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an murɗa. Robar ta bushe ƙamas, gefen tsagar ya yi fari da ƙura. Tiyo muka canza, shi ke nan. Ya ce, "In goge maka wutar?" Na ce ya bar ta. Tsarin an yi shi ne ta yadda idan mota ta yi tafiya uku a jere kwamfuta ba ta sake ganin matsalar ba, da kanta za ta kashe fitilar. Haka kuwa aka yi, kuma wannan ya fi kwantar min da hankali, don motar ce da kanta ta shaida cewa gyaran ya yi.

Shi ya sa nake jan hankali kan maɓallin gogewa. Lokacin da wuta ta kama, kwamfuta tana ajiye bayanin halin da inji ke ciki a wannan daƙiƙar: gudunsa, zafinsa, nauyin da yake ja. Kana danna gogewa duk wannan ya tafi, ka raba mai gyara da shaidar da zai yi aiki da ita. Cire kan batir ma haka yake yi a motoci da yawa. Matsalar kuma tana nan daram, wutar za ta dawo. Ni dai ƙa'idata, sai na ɗauki hoton allon waya kafin in taɓa komai, kuma ba na gogewa sai bayan gyara.

Akwai halin da bai kamata ma ka tsaya neman na'ura ba. Idan wutar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana dafa indomin mota, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wanda kowa ya san tsadarsa. Ka sassauta, ka nemi wuri ka tsaya. Lambobin da za ka gani su ne P0300, ko P0301 zuwa P0304 a mota mai silinda huɗu, kuma a waɗannan na bayan alƙalamin ƙarshe shi ne lambar silindan. Galibi fulogi ne ko kwayil. Jar fitilar baƙin mai da ta zafin inji kuwa, waɗannan kashe mota ake yi nan take.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne ganin ainihin zafin ruwan inji. Al'adar nan ta cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai-tsaye, wai don ƙasarmu da zafi, tana cutar da motoci ba kaɗan ba. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan aka hana shi kaiwa nan, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ɗura masa mai. Wasu motocin sukan kawo P0128 saboda haka. Na gwada a motar wani ɗan'uwana da safiyar hunturu, muka yi tafiya mai nisa zafin bai bar wajen 70 ba, sai a lokacin ya yarda da abin da na daɗe ina gaya masa.

Mai shirin sayen mota ta hannu ma ya tafi da ita. Bayan an goge lamba, gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta suna komawa farko, kuma sai an yi tafiya sosai suke kammala. Idan ka tarar dashbod fes amma manhaja na nuna yawancin gwaje-gwajen ba su kammala ba, to ba a daɗe da gogewa ko cire batir ba, sai ka tambayi dalili. Ka kuma lura ko fitilar tana kawowa idan an murɗa makulli kafin a tayar. Idan ba ta kawo ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwan ko an rufe shi.

Tana da nata rauni. Asalin fasahar ta wani kamfanin Kanada ce, amma abin da ya cika kasuwa kwaikwayo ne, ingancinsu kuma ba ɗaya ba. Wata za ta yi magana da wannan mota ta ƙi waccan, don haka a gwada maka a motarka kafin ka biya. Tawa takan yanke haɗi jefi-jefi sai na zare na mayar. Ba ta karanta min matsalar ABS, wato tsarin da ke hana ƙafafu kullewa idan an taka birki, ko ta jakar iska, waɗannan sai babbar kwamfutar gareji. Soket ɗin kuma yana da wuta ko mota a kashe take, saboda haka idan za ka ajiye mota kwanaki, ka zare ta kada ta shanye batir. Manhajojin ma da Turanci suke, wanda hakan cikas ne ga direbobi da makanikai da dama, kuma ina fatan masananmu na kwamfuta za su duba wannan.

Duk mai motar da ta zo da wannan soket, kuma yana da haƙurin karanta lamba ya bincika ma'anarta kafin ya sayi kaya, ina ba shi shawara ya mallake ta. Wanda kuma burinsa kawai fitila ta mutu, gara ya kai kuɗin wurin bakanike mai na'ura a duba masa motar yadda ya kamata.